Hoton Inna a Cikin Shuɗi

Akwai wata yarinya a Malanbil, 'yar shekara goma sha ɗaya, tana aji biyar a lakwal, wato makarantar boko. Gidansu yana bayan tashar manyan motoci, ba nisa da gadar da ake hayewa zuwa Gaya. A lokacin soja ne ke mulkin ƙasar. Kowace safiya 'yan makaranta sukan yi layi a ɗaga tuta, da marece kuma su yi ban-ruwa a lambun makaranta.

Sunan mahaifinta Manzo. Ya yi shekaru a Kwatano yana gyaran jiragen ruwa. A can ya koyi aiki da rezin. Rezin wani ruwa ne mai kauri kamar zuma, mai wari ƙwarai. In an ɗiga masa maganinsa, sai ya daskare ya zama kamar gilashi.

Da Manzo ya dawo gida, sai ya kafa rumfa a ƙofar gidansa. Yana liƙe jiragen masunta da suka tsage. Yana kuma yin maɓallan riga da abin rataya makulli, waɗanda direbobi suke saye. A cikin wani yakan sa ƙwayar shinkafa, a wani ɗan fure, a wani kuma hoton mai shi.

Yarinyar tana son zama kusa da shi tana kallo. Ta san yana da launi iri biyu. Akwai na gwangwani, mai kauri kamar fentin bango, wanda yake rufe komai. Shi yakan zuba a baya. Akwai kuma na kwalba, mai ruwa-ruwa, wanda haske yake ratsawa. Wannan da tsinke yake ɗiga shi, ɗigo guda, ya motsa, ya ɗaga sama ya duba a rana.

Kuma kullum sai ya fara gwadawa a murfin kwalbar lemo kafin ya zuba a babban aiki. Ita dai a ganinta wannan ɓata lokaci ne.

Mahaifiyar yarinyar, Hawa, ta rasu damina biyu da suka wuce, bayan gajeruwar rashin lafiya. Ta bar ta da ƙanwarta Bilki, wadda a lokacin ko yaye ta ba a yi ba.

Hoton Hawa guda ɗaya ne a duniya. Wani mai ɗaukar hoto ne ya ɗauke ta ranar kasuwa. Bai fi tafin hannu ba. Manzo yana ajiye shi a cikin akwatinsa na ƙarfe, a naɗe cikin ƙyalle. Bilki ba ta san fuskar uwarta ba sai a wannan hoto. In an nuna mata, sai ta ɗora yatsa a kai ta ce, "Inna."

Kakarsu ta wajen uwa tana zaune a Madekali. Duk Asabar takan kawo albasa kasuwa. In ta shigo gidan, ko ruwa ba ta sha sai an miƙa mata hoton ɗiyarta ta gani.

Abu biyu ne suke damun yarinyar game da hoton. Na farko, laima ta fara cin gefensa. Na biyu, baƙi da fari ne. Ita kuwa tana tune da ranar da aka ɗauke shi. Zanen da Inna ta ɗaura shuɗi ne mai kyau, amma a hoton ya fito ruwan toka.

Wata Litinin malaminsu, Mushe Alasan, wato Malam Alasan a bakin 'yan lakwal, ya ce a ƙarshen shekara za a yi nunin aikin hannu. Kowane ɗalibi zai kawo abin da ya yi da kansa, iyaye kuma za su zo su gani.

Yarinyar ta dawo gida da sauri. Ta roƙi mahaifinta ya bari ta sa hoton Inna a cikin rezin, ta ɗan ba shi shuɗi. Ta ce haka laima ba za ta ƙara cin sa ba, kuma kowa zai ga Inna a makaranta.

Manzo ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya dube ta.

"Ɗiyata, hoton ga guda ne," ya ce. "Ni da nike wannan aiki shekara da shekaru, tsoro nike ji in taɓa shi. In hannu ya kuskure, ba mu da wani."

Ya ce ta yi haƙuri. Ran Laraba zai kai kaya Gaya. In ya dawo, za su zauna tare su yi wani abu mai kyau na nunin.

Ta ce to. Amma a ranta ba ta yarda ba. Ta ga ai ta sha kallon yadda ake yi. Ta ce wa kanta in Baba ya dawo ya ga aikin ya yi kyau, murna zai yi.

Ran Laraba babu karatu da rana. Manzo ya tafi Gaya. Bilki ta ci abinci ta yi barci a kan tabarma.

Yarinyar ta buɗe akwatin ta ɗauki hoton. Ta samo gwangwanin sardin, ta wanke, ta shafa masa mai a ciki kamar yadda mahaifinta yake yi. Ta haɗa rezin kaɗan marar launi, ta zuba a ƙasa. Ta jira ya yi kauri kamar kokon da ya huce. Sannan ta shimfiɗa hoton a kai, fuskar tana kallon sama.

Har nan komai ya tafi daidai. Ta ji daɗi.

Ta haɗa rezin na biyu a kofi, mai yawa. Ta ɗauko kwalbar shuɗi, ta ɗiga ɗigo guda ta motsa da tsinke. Ta zaro tsinken ta duba. Ba ta ga wani shuɗi ba. Ta ƙara biyu. Ta ƙara biyar. Har yanzu bai kai na zanen Inna ba. Sai ta karkata kwalbar, ta tsiyaya kusan rabinta.

Da ta ɗaga tsinken, abin da ya manne a jikinsa ya yi shuɗi mai kyau, daidai wanda take tunawa. Ga murfin lemo nan a gabanta, amma ba ta gwada ba. Ba ta yi tunanin cewa na jikin tsinke siriri ne, na gwangwani kuma zai yi zurfi ba.

Ta zuba har baki.

Shuɗin ya rufe zanen. Ya rufe hannuwan. Ya hau fuskar. Kafin ta ajiye kofin, ba a ganin komai.

Ta ce wataƙila in ya bushe zai washe. Ta zauna tana jira. Gwangwanin ya ɗauki zafi. Ta sa tsinke don ta zaro hoton, amma rezin ya riga ya kama, tsinken ya karye.

Da aka kira la'asar, abin ya daskare kamar dutse. Ta fitar da shi daga gwangwanin. Shuɗin ya yi duhu, har ya kusa zama baƙi. Ta juya shi. Ta ɗaya gefen yana da haske ƙal, amma bayan hoton kawai ake gani, da hatimin mai ɗaukar hoto.

Ta wanke kofin, ta share rumfar. Ta naɗe abin a tsumma ta cusa a ƙasan jakar makarantarta. Ƙyallen hoton kuma ta ninke shi ta mayar cikin akwati.

Manzo ya dawo da marece, ya kawo musu rake. Ta karɓa ta yi godiya, amma ta kasa sha.

Alhamis da Juma'a ta je makaranta da nauyin nan a jakarta. Ba ta yi wasa da kowa ba. In ta rufe ido tana ƙoƙarin tuna fuskar Inna, sai ta ga shuɗi kawai.

Ran Asabar Kaka ta zo. Aka shimfiɗa mata tabarma. Manzo ya gaishe ta, ya shiga ɗaki don ya ɗauko mata hoton. Ya daɗe a ciki. Aka ji yana juye kayan akwatin a ƙasa.

Ya fito da ƙyallen a hannunsa, babu komai a ciki.

Akwai ranar da aka taɓa kama Bilki tana jan akwatin nan. Don haka Manzo ya juya wajenta. Ya tambaye ta inda ta kai hoton. Bilki ta tsaya tana kallonsa. Ya sake tambaya da murya mai ƙarfi, irin wadda bai taɓa yi mata ba. Bilki ta fashe da kuka, ta ruga ta riƙe zanen yayarta.

Yarinyar ta ji ƙanwarta tana rawar jiki a ƙafarta. Ta kasa jurewa.

"Baba, ba ita ba ce," ta ce. "Ni ce."

Ta shiga ta ɗauko abin, ta kwance tsumman, ta ajiye a kan tabarma. Ta faɗi duk abin da ta yi, tun daga buɗe akwati har zuwa ɓoyewa.

Manzo bai doke ta ba. Bai ma yi mata faɗa ba. Ya ɗauki abin ya juya, ya ga hatimin a baya. Ya ajiye shi a hankali, ya fita rumfa ya zauna.

Kaka ta jawo abin gabanta. Ta shafa shuɗin da tafin hannu, kamar mai share ƙura. Ta sake shafawa. Hawaye suka zubo mata.

"Yau na sake binne ɗiyata," ta ce.

Ta tashi ta ɗauki kwandonta. Ba ta ci abincin da aka kawo mata ba.

Ranar da washegari gidan ya yi tsit. Manzo yana ba su abinci, yana amsa gaisuwa, amma ba ya hira. Ya sa abin a cikin akwati ya kulle. Bilki ta zo ta tsaya a gaban akwatin tana cewa a nuna mata Inna. Yarinyar ta fita bayan gida ta yi ta kuka.

Ran Litinin, da aka tashi tara, Mushe Alasan ya ce ta dakata. Ya ce ya lura kwana da kwanaki ba ta ɗaga hannu a aji. Ya tambaye ta ko ba ta da lafiya. Ta ba shi labari, kanta a sunkuye.

Ya saurara har ta gama. Bai ce laifinta kaɗan ne ba. Ya ce ta ɗauki abin da ba nata ita kaɗai ba, bayan an hana ta. Amma ya ce ta yi abu guda mai kyau, da ba ta bar ƙanwarta ta ɗauki laifin ba.

"Kin roƙi gafarar babanki?" ya ce.

"Ba ya magana, Mushe."

"Baƙin ciki ne ya rufe mishi baki. Kada ki jira shi fara. Ki tahi ki ba shi haƙuri, ki tambaye shi ko akwai abin da za ki iya yi."

Da ta koma gida, ta tarar da mahaifinta a rumfa yana liƙe wani jirgi. Ta durƙusa a gefensa. Ta ce ta yi laifi, ya gafarta mata. Ta ce in akwai wani aiki da zai gyara abin, kome wuyarsa za ta yi.

Manzo ya ci gaba da aikinsa na ɗan lokaci. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Na gwangwani, in ya rufe, ya rufe ke nan. Babu gyara."

"Ba na gwangwani na sa ba, Baba. Na kwalba ne."

Ya ɗago kai. "Mi kika ce?"

Ta ɗauko kwalbar ta nuna masa. Ya ga ta koma rabi. Ashe saboda duhun shuɗin ya zaci fentin gwangwani ne, kuma tun ran Asabar ya kasa sake kallon abin.

Ya tashi ya buɗe akwatin. Ya fito tsakar gida, ya ɗaga abin sama ya saita shi da rana. Tsakiyar baƙi ƙirin. Amma a can bakin gefe, inda ya fi siriri, haske yana ratsowa, shuɗi mai kyau.

Ya kira ta ta gani. Ya ce launin kwalba ba ya kashe haske, yawa da kauri ne suke sa shi duhu. In aka goge kaurin nan a hankali har ya zama siriri, mai yiwuwa fuskar ta fito. Ya ce bai yi mata alkawari ba. In kuma aka goge ya wuce, hoton kansa za a cinye.

"Ke kika zuba," ya ce. "Ke za ki goge."

Ya ba ta takarda mai yashi, irin ta goge katako, da kwanon ruwa. Ya nuna mata yadda za ta shimfiɗa takardar a kan allo, ta jiƙa, ta riƙa zagaya abin a kai ba tare da dannawa ba.

Ta fara a ranar. Duk marece in ta dawo daga ban-ruwa, sai ta zauna ta yi ta gogewa har magariba. Ruwan kwanon yakan koma shuɗi, ta zubar ta ɗebo wani. Yatsunta suka yi kanta. Ƙawayenta suna kiranta wasa, ba ta zuwa.

A rana ta uku ta duba, ta ga saman abin ya yi fari-fari kamar an barbaɗa gari. Ta tsorata, ta zaci ta ƙara lalata shi. Manzo ya ce haka yake yi in an goge. Ya tsoma shi a ruwa ya fitar. Farin ya ɓace, amma har yanzu duhu ne a ciki.

Asabar ta zo, Kaka ba ta shigo ba. Wata maƙwabciya ta ce ta gan ta a kasuwa, ta sayar da albasarta ta koma Madekali.

A rana ta shida, yarinyar ta tsoma abin a ruwa ta ɗaga. Ta ga wata inuwa a ciki. Ta ƙura ido. Ɗankwalin Inna ne.

Murna ta kama ta. Ta mayar da shi kan takardar, ta fara gogewa da sauri, tana dannawa da ƙarfi. Ba ta lura hannunta ya karkata gefe guda ba. Sai ta ga farin abu yana yawo a ruwan. Ta ɗaga. Ta cinye kusurwar hoton ta ƙasa. Hannun Inna na hagu ya tafi.

Ta kai wa mahaifinta nan take, tana hawaye. Wannan karon ba ta ɓoye ba.

Manzo ya duba. Ya yi ajiyar zuciya. Ya ce wannan kusurwar ba za ta dawo ba. Gaggawar da ta sa ta zuba launin, ita ce ta sa ta danna yanzu. Ya ce ta je ta wanke fuska ta dawo, akwai sauran aiki.

Daga ranar suka riƙa yi tare. Ya ba ta takarda mai laushi. Ta goga sau goma, su tsoma a ruwa, su duba. Ta sake goma, su sake dubawa. Goshin ya fito. Hancin ya fito. A rana ta goma sha ɗaya idanun suka fito, suna kallonsu ta cikin shuɗi mai haske.

"Tsaya nan," Manzo ya ce.

Saura a zuba rezin marar launi a sama, siriri, don ya yi sheƙi ya kuma rufe kusurwar da ta buɗe. Manzo ya ce ita za ta haɗa. Ta haɗa, ta fara zubawa a murfin lemo, ta jira ya daskare. Da suka ga ya fito garau, sannan ta zuba a kan hoton.

Kafin ya bushe, Manzo ya jera mata murafu bakwai, ta zuba rezin a kowane. Na farko babu launi. Na biyu ɗigo guda, na uku biyu, haka har na ƙarshe. Da suka daskare ta fitar da su ta jera a kan takarda mai rubutu. Ta cikin na farko ana karanta komai. Ta cikin na huɗu da ƙyar. Na bakwai kuwa ba a ganin ko harafi.

Waɗannan ta kai nunin makaranta. Ba ta ci kyauta ba. Wata yarinya mai saƙa faifai ce ta ci. Amma Mushe Alasan ya sa ta tsaya a gaban aji ta bayyana abin da ta koya, ta kuwa bayyana da kyau.

Ran Asabar da safe ta roƙi mahaifinta su je kasuwa. Suka sami Kaka a layin masu albasa. Yarinyar ta durƙusa a gabanta ta ba ta haƙuri. Sannan ta miƙa mata hoton da hannu biyu.

Kaka ta goge hannunta a zane ta karɓa. Ta matso da shi kusa da ido. Ta daɗe tana kallo. Bilki ta leƙo ta ƙarƙashin hannunta, ta ɗora yatsa ta ce, "Inna."

Kaka ta ga kusurwar da ta ɓace. Ta kuma ga yatsun jikarta duk sun yi kanta. Ta kama hannun ta riƙe.

"Na yafe miki, jikata," ta ce. "Maganar da na yi ran nan, zafin rai ne. Tashi ki ɗaukar mini kwando, yau a gidanku zan ci tuwo."

Suka koma gida su huɗu. Ran nan an yi hira a tsakar gida har aka kira la'asar. Kaka ta ba su labarin ƙuruciyar Hawa, da yadda ta taɓa faɗawa fadamar shinkafa tana bin agwagwa. Manzo ya yi dariya. Rabon da yarinyar ta ji dariyarsa an daɗe.

Yarinyar ta koyi darasi da ba ta manta ba. Abin da ba naka kai kaɗai ba ne, kada ka taɓa shi sai an yarda maka. Aikin da ba ka ƙware ba, ka fara gwada shi a ƙaramin abu, ka ƙara kaɗan-kaɗan. In kuma ka yi kuskure, ka faɗa da wuri, ka zauna ka gyara abin da zai gyaru. Ita ta gyara nata da haƙuri, aka yafe mata, gidansu ya koma da daɗi.